FSH ko eCG: Wane Sinadari Ya Dace Wajen Sa Saniyar Nama Ta Saki Ƙwai Da Yawa?

Saniya a ɗabi'arta ƙwai ɗaya take saki a kowane zagaye na kimanin kwana 21, kuma ko kiwo ya yi mata kyau da wuya ta wuce maruƙa takwas zuwa goma a rayuwarta. Wanda ya mallaki saniyar da ta fita daban wajen jiki da saurin girma, yake kuma son ya tara irinta kafin tsufa ya cim mata, shi ne yake komawa ga dabarar dashen 'yan tayi: a yi mata allurar sinadarin homon domin ƙwayaye da yawa su nuna lokaci guda, a yi mata barbarar zamani, bayan kwana bakwai a wanke mahaifarta a kwashe 'yan tayin, sannan a dasa su a jikin wasu shanu da za su riƙe cikin. A jihar Wiskonsin ta Amurka aka haifi maraƙin farko ta wannan hanya a 1951, amma sai a farkon shekarun 1970 abin ya zama sana'a a Kanada da Amurka, lokacin da ake rububin shanun Turai irin su Simmental da Limousin waɗanda ba su da yawa kuma suna da tsada.

Duk wanda zai shiga wannan aiki, mai gona ne ko likitan dabbobi, tambayar farko da yake cin karo da ita ita ce ta allura. A kasuwa akwai FSH, homon da ke sa jakunkunan ƙwai su girma, wanda ake tacewa daga jikin dabba, akwai eCG, wani homon da ake samu daga jinin goɗiya mai ciki, akwai dabarun rage yawan allurar FSH, sannan ga sabon FSH da ake haɗawa a ɗakin gwaji.

Abubuwan da za a auna

Ma'auni na farko shi ne yawan 'yan tayi masu kyau da suka cancanci dashe, domin saniya tana iya ba da ƙwai ashirin a same su duk ba su haɗu da maniyyi ba ko sun lalace. Na biyu kuɗi, kuma lissafin da ya dace shi ne a haɗa kuɗin allura da na maniyyi da ladan likita da ciyar da shanun riƙo, a raba da yawan 'yan tayin da aka samu. Na uku daɗewar sinadarin, a cikin jinin saniya da kuma a wurin ajiya. Na huɗu sauƙin aiki, wato sau nawa za a kama saniyar. Na biyar haɗari ga saniyar da ga aikin. A ganina na huɗun ne aka fi rainawa, alhali shi ne yake raba gardama a yawancin garake.

Kafin a shiga kwatance, akwai abu biyu da suke shafar kowane zaɓi. Na ɗaya shi ne shanu sun sha bamban ƙwarai wajen karɓar allura. A wani nazari da aka wallafa a Amurka a 1986 a kan shanun nama 2,048, matsakaicin abin da aka samu shi ne 'yan tayi 6.2 masu kyau a kowane wanki, amma kashi 24 cikin ɗari na shanun ba su ba da ko ɗaya ba, kuma kashi 30 cikin ɗari ne suka samar da kashi 70 na dukkan 'yan tayin. Shekaru sun shuɗe, an ƙara tsaftace magunguna, amma matsakaicin nan na shida zuwa bakwai bai motsa sosai ba. Saboda haka wanda ya gwada magani a kan saniya biyu ya ga bai samu komai ba, bai isa ya yanke wa maganin hukunci ba.

Na biyu shi ne lokacin fara allura. Jakunkunan ƙwai suna tasowa ne zubi-zubi, sau biyu ko uku a zagaye guda, kuma a kowane zubi jaka ɗaya takan yi kane-kane ta danne sauran su shanye. Aikin allurar shi ne ta ceto waɗannan da za su shanye, don haka sai an fara ta daidai da fitowar sabon zubi. A da ana jiran kwana na 8 zuwa na 12 bayan saniya ta nemi barbara. Yanzu an fi sa mata na'urar furojestaron (homon riƙon ciki) irin CIDR a farji tare da allurar estiradiyol (wani nau'in estirojin, homon neman barbara), sabon zubi ya fito bayan kwana huɗu. Inda doka ta hana estiradiyol ga dabbobin da ake ci, kamar ƙasashen Tarayyar Turai, ana amfani da GnRH, homon da ke sa babbar jaka ta fashe ta saki ƙwai, ko a tsotse babbar jakar da allura ana kallo ta na'urar hoton ciki. Idan aka kuskure wannan lokaci, babu maganin da zai gyara ɓarnar komai tsadarsa.

FSH na jikin dabba, safe da yamma

Wannan shi ne abin da ake auna sauran da shi. Ana tace shi daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari, galibi ta aladun da aka yanka a mayanka. Sanannun sunayensa a kasuwa sun haɗa da Folltropin da aka fara yi a Kanada, da Pluset na kamfanin Calier a Sifen, da Stimufol na Beljiyam, da Antrin na Japan. Bambancinsu yana ga yawan LH, homon da ke ƙarasa nunar jaka ya fasa ta, da ke cakuɗe a ciki: Folltropin an cire masa mafi yawan LH, shi kuwa Pluset rabi da rabi ne, IU 500 na FSH da IU 500 na LH a kwalba (IU ma'aunin ƙarfin magani ne). Saniya tana buƙatar LH kaɗan, kuma jikinta yana samar da shi. Idan ya yi yawa daga waje yakan rage yawan ƙwan da ke haɗuwa da maniyyi da ingancin 'yan tayi.

Matsalarsa ita ce ba ya daɗewa a jini. Cikin kimanin awa biyar rabinsa ya fita, shi ya sa ake raba shi gida takwas, a yi a tsoka safe da yamma na kwana huɗu ana ragewa. Kwalbar Folltropin tana ɗauke da miligiram 400 da ake jiƙawa da mililita 20 na ruwansa, don haka ga babbar saniya maras tozo da za ta sha kwalbar duka, jadawalin yakan zama mililita huɗu-huɗu a rana ta farko, uku-uku a ta biyu, bibbiyu a ta uku, ɗai-ɗai a ta huɗu. A rana ta uku ake yin allurar furostagilandin, wadda ke sa saniya ta nemi barbara, daga baya a cire na'urar, sannan a yi barbara sau biyu tsakaninsu awa 12.

A takarda abin yana da sauƙi. A garke kuwa, idan aka haɗa sa na'ura da allurai takwas da GnRH da barbara biyu da wankin mahaifa, saniya ɗaya za a kama ta sau goma sha biyu ko sha uku cikin kwana goma sha biyar. Rana ta farko takan shiga shingen kamu salin-alin. Zuwa yammacin rana ta biyu ta gane cewa duk wanda ya tunkaro ta da sirinji ba alheri ya kawo ba, sai ta toge a bakin shinge, a ja ta da igiya ana kora da sanda, ta fito tana huci jikinta na rawa. Irin wannan wahala tana dagula fitar LH a lokacin da ake buƙatarsa, sai jakunkuna su girma su ƙi fashewa. Ga kuma kuskuren ɗan Adam: allurar ƙarfe shida na yamma da aka manta sai da gari ya waye, ko ta saniya kaza da aka yi wa wata. Allura ɗaya da aka tsallake tana iya ɓata aikin gaba ɗaya, tunda babu ragowar magani a jini da zai cike giɓin.

Ta fuskar kuɗi shi ne mai tsada a tsofaffin magungunan, ga ladan mai yin allura. Sai dai shanu masu tozo suna da rangwame a nan. Aikin da aka yi a Barazil a kan shanun Nelore masu tozo ya nuna suna fitar da ƙananan jakunkuna da yawa a kowane zubi kuma suna saurin karɓar magani, har miligiram 100 zuwa 133 yakan ishe su, wato kwalba ɗaya ta wadatar da shanu uku, inda shanun Turai na nama suke buƙatar 260 zuwa 400. Bunaji da Bokoloji da Rahaji da Azawak duk masu tozo ne, don haka hankali ya fi kwanciya da a fara musu da ƙaramin awo a ga yadda za su yi, maimakon a kwafi abin da aka rubuta a jikin kwalba domin shanun Turai irin Angus. Awon da ya wuce kima yana kumbura ma'ajiyar ƙwai ne kawai, 'yan tayi masu kyau su ragu. Wajen ajiya, garin maganin yana jure zama a wuri mai sanyi, amma da zarar an jiƙa shi sai firji, kuma kwanaki kaɗan yake yi. Wanda zai raba kwalba ga shanu uku dole ya haɗa su a jadawali ɗaya.

Akwai wata magana da mai saye Musulmi zai so ya sani tun kafin ya biya kuɗi, ita ce asalin maganin daga alade. An taɓa samun irinsa na tumaki, Ovagen daga Niyu Zilan. Wanda abin ya tsaya masa a rai sai ya tambayi malamai, ya kuma duba zaɓuɓɓukan da ke ƙasa.

eCG, allura ɗaya mai dogon zango

Shi ne tsohon hannu. Wasu masana biyu, Cole da Hart, su ne suka gano shi a Kalifoniya a 1930, a cikin jinin goɗiya mai ciki, inda yake yawaita tsakanin kimanin kwana 40 zuwa 120 na cikin. Tsofaffin littattafai suna kiransa PMSG, kuma ana sayar da shi da sunaye kamar Folligon da Novormon. A jikin saniya yana yin aikin FSH da na LH a haɗe. Ana yin allura ɗaya ta IU 1,500 zuwa 3,000, galibi 2,500 ga manyan shanu, bayan awa 48 a bi da furostagilandin. Kamun saniya ya ragu kusan rabi, kuɗin magani ya yi ƙasa sosai, kuma ya fi sauƙin samu a ƙasashe da yawa domin ana amfani da ƙaramin awonsa wajen daidaita barbarar shanu da tumaki da awaki.

Abin da ya sa ya yi sauƙi shi ne kuma aibinsa. Yana iya kaiwa kwana goma a jini, don haka bayan ƙwayayen farko sun fita yana ci gaba da tayar da wasu jakunkuna, waɗanda ke zuba estirojin a lokacin da 'yan tayi ke tafiya zuwa mahaifa suna buƙatar furojestaron. Ranar wanki likita yakan sa hannu ya ji ma'ajiyar ƙwai ta kumbura ta kai girman lemo, cike da manyan jakunkunan da ba su fashe ba, har ya kasa ƙirga abin da ya fita. Idan aka zuba ruwan wankin a faranti aka duba da madubin likita, sai a ga ƙwayaye da dama amma masu kyau ƙalilan. Wasu shanun kuma sukan jima kafin zagayensu ya daidaita, abin da ke jinkirta wanki na gaba ko ɗaukar cikinsu. An yi ƙoƙarin magance wannan da wata allura mai kashe ƙarfin eCG da ake yi a lokacin barbarar farko, kuma tana rage jakunkunan da ba su fashe ba, sai dai samunta a kasuwa yana da wuya. Haka nan ƙarfin FSH da LH a cikinsa yakan bambanta daga zubin masana'anta zuwa wani, kuma da zarar an yi allurar babu ragewa babu janyewa.

Ƙungiyoyin kare dabbobi sun daɗe suna sukar yadda ake ɗibar jinin goɗiyoyi a gonakin Ajantina da Yurugwai da Aisland, kuma wannan matsin lamba yana daga cikin abin da ya sa aka fara haɗa eCG a ɗakin gwaji.

Wurin da eCG ya fi amfani yau shi ne a matsayin mataimaki. A Kudancin Amurka wasu likitoci suna maye gurbin allurai biyu na ƙarshe na FSH da eCG kaɗan, IU 200 kowace, domin jakunkunan da suka girma sun fi buƙatar LH a wannan mataki, kuma an ga amfanin haka musamman a shanun da suka saba ba da kaɗan.

FSH mai sakin jiki a hankali

Maganin ɗaya ne da na farko, hanyar ba da shi ce ta canza. Dabara mafi sauƙi ita ce a zuba awon duka a allura ɗaya ƙarƙashin fata a bayan kafaɗa, inda kitse zai riƙe shi yana saki sannu a hankali. Tana aiki a shanun nama masu jiki, amma a ramammiyar saniya maganin yana shiga jini da sauri ya fita, a tashi a tutar babu. Duk wanda ya san yadda shanu ke fitowa daga rani ya san wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

Dabara ta biyu ita ce a jiƙa garin da wani ruwa mai yauƙi da ake kira hayaluronan. Mai kauri, na kashi 2 cikin ɗari, yana ba da damar allura ɗaya a tsoka, sai dai wahalar cakuɗawa gare shi. Mai tsinkewa, na rabin kashi zuwa kashi 1, ana raba shi biyu: kashi uku cikin huɗu a ranar farko, ragowar bayan awa 48 tare da furostagilandin. Gwaje-gwajen da aka yi a Ajantina a kan shanun nama sun nuna sakamakon ya yi kusa da na allurai takwas. A Japan kuma suna haɗa FSH da wani kunun sinadarin alminiyam a yi allura ɗaya ga shanun Wagyu. Kuɗin FSH bai ragu ba, an ma ƙara na ruwan haɗi, amma allurai shida sun fita daga lissafi tare da kura-kuransu.

FSH na ɗakin gwaji

Wannan ana samar da shi daga ƙwayoyin halitta da ake renonsu a masana'anta, an kuma gyara shi yadda zai daɗe a jini, har allura ɗaya ta wadatar. Babu alade a cikinsa, babu cakuɗen LH, kuma kowane zubi daidai yake da ɗan'uwansa. Kamfanin Ceva yana sayar da irinsa a Barazil da sunan Zimbria. Raunin wannan zaɓi shi ne ƙuruciya: ƙasashe kaɗan ne suka yi masa rajista, ba a tara shekarun gogewa a kansa kamar na tsofaffin ba, yana buƙatar sanyi tun daga masana'anta har garke, kuma shi ma in an wuce awo babu gyara. Shigo da shi Najeriya kamar kowane maganin dabbobi sai da amincewar NAFDAC.

Akwai kuma hMG da ake tacewa daga fitsarin matan da suka daina haila, wanda aka gwada a shanu a Italiya, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa.

| Zaɓi | Yawan allura | Tsada | Daɗewa a jini | 'Yan tayi masu kyau | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| FSH safe da yamma | 8 | Mai yawa | Awanni | Mafi tabbas | Tsallake allura, wahalar da saniya |
| eCG shi kaɗai | 1 | Kaɗan | Har kwana 10 | Ƙasa da na FSH | Jakunkuna su ƙi fashewa |
| FSH ƙarƙashin fata | 1 | Mai yawa | Ya danganta da kitse | Da kyau a mai jiki | Faɗuwa a ramammiya |
| FSH da hayaluronan | 1 ko 2 | Mai yawa da ƙari | Kwanaki | Kusa da na allurai 8 | Kuskuren cakuɗawa |
| FSH na ɗakin gwaji | 1 | Ya danganta da ƙasa | Kwanaki | Kusa da na allurai 8 | Wuyar samu, ƙarancin gogewa |

Wane ne ya dace da wane

Gonar da take da shingen kamu na ƙarfe, da firjin da ba ya mutuwa, da ma'aikacin da za a iya dogara da shi ƙarfe shida na safe da shida na yamma, FSH na allurai takwas ne nata, musamman idan maniyyin da za a yi amfani da shi mai tsada ne da aka shigo da shi daga waje. Idan aka duba abin da ake kashewa a kan tsinken maniyyi da ruwan naitirojin da shanun riƙo shida zuwa takwas da aka shirya wa kowace uwar iri, kuɗin da za a rage ta sayen eCG ba ya biyan asarar 'yan tayi biyu ko uku.

Wanda shanunsa ba su saba da hannu ba, ko likitansa daga nesa yake zuwa, FSH da hayaluronan a allura biyu ya fi masa, domin ziyara ta biyu ta zo daidai da ranar furostagilandin. Idan shanun suna da jiki sosai kuma babu ruwan haɗin, allurar bayan kafaɗa abin gwadawa ce. Idan haƙarƙarinsu a waje yake, a fara da gyara kiwo a ɗage aikin. Saniyar da za a zaɓa ta kai aƙalla kwana 50 zuwa 60 da haihuwa, zagayenta ya dawo, an kuma tabbatar ba ta da bakkale ko sammore.

eCG shi kaɗai ya dace da wurin koyo, inda ɗalibai ko sabon likita ke neman ƙwarewa wajen wanke mahaifa a kan shanun da ba su da tsada, da kuma wanda FSH ya gagare shi samu, da sharaɗin ya tsaya a ƙasan awo idan shanunsa masu tozo ne. Saniyar da aka yi wa FSH sau biyu tana ba da kaɗan, a gwada mata eCG a allurai biyu na ƙarshe. Idan ta sake gazawa, ta fi dacewa da hanyar tsotso ƙwai kai tsaye a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji, hanyar da tun 2016 take samar da 'yan tayin shanu fiye da wankin mahaifa a duniya, kuma masu tozo sun fi ba da ƙwai a cikinta.

Wanda asalin alade ya dame shi, ko yake da babban garke da ƙarancin ma'aikata, FSH na ɗakin gwaji ne abin nema idan ya samu mai rajista, ya fara da shanu kaɗan yana rubuta awon da ya ba kowace da abin da ta bayar. Kowane ɗaya aka zaɓa, furostagilandin yana cikin jadawalin, kuma yana ratsa fata, don haka kada a bar mace mai ciki ko mai ciwon asma ta taɓa kwalbarsa.